Kirarin Mai Koriyar Riga

Mahaifina direba ne a ofishin jakadancin ƙasarmu da ke Alƙahira, muna zaune a unguwar Dokki, ni kuwa a birnin aka haife ni. Saboda haka na iya faɗa da yaran unguwa da Larabcin titi tun kafin in iya haɗa jimla guda ta Hausa wadda ba ta da faci a jikinta. Mahaifiyata abin bai dame ta ba, don ita ma "yalla" da "khalas" sun daɗe da samun wurin zama a bakinta. Shi ne abin yake ci wa tuwo a ƙwarya. Yakan ce ya tuƙa manyan mutane shekara da shekaru bai taɓa ɓatar da ko ɗaya ba, sai ga shi harshen ɗansa ya ɓata a cikin ɗakinsa yana kallo.

Bai nemo mini malami ba, bai kuma sayo littafi ba. Filin tseren babura ya kai ni.

Akwai wani fili a hamada, bayan an wuce dalar Giza an ɗauki hanyar Fayyum, inda ake tseren babura a lokacin sanyi. Ba tseren kwalta ba ne. Katafila ce take zuwa ta tara ƙasa tudu-tudu, ta haƙa ramuka, ta murɗa hanya kamar hanjin rago. Mahaya sukan jeru a bayan wani ƙarfe, da ƙarfen ya faɗi sai su fizga gaba ɗaya. Baburan dogaye ne, ba fitila, ba wurin goyo, tayoyinsu masu haƙora. Idan suka hau tudu da gudu sai su bar ƙasa, mutum da inji su ɗan rataya a sama, kafin ƙasa ta karɓi abinta. Baba ya san wurin ne ta hanyar aiki. Ya taɓa kai wani baƙo can, aka ce ya jira a mota, ya ji ƙara ya fito. Tun daga ranar, duk Asabar ɗin da ba a kira shi aiki ba, can muke yini.

Doka ɗaya ce a tafiyar. Daga lokacin da na rufe ƙofar tsohuwar motarsa har mu dawo gida, babu kalmar Larabci sai ta salla. Wanda ya karya dokar shi zai hau tudu da tabarma da fulas ɗin shayi. Ban taɓa ganin ya ɗauki tabarmar nan ba.

"Baba, yau akwai zahma a hanya."

"Akwai me?"

"Cunkoso."

"Ai alƙalami ya bushe. Tabarma taka ce, Bamisire."

"Ban ƙarasa faɗa ba fa."

"Rabin kalma ma kalma ce. Sai ka ɗauki rabin tabarma, ka dawo ka ɗauki sauran."

Wurin zamanmu wani tudun rairayi ne da ke fuskantar tsalle mafi girma a filin. Sauran 'yan kallo Misirawa ne da Turawa, suna can gefen rumfuna da kujerunsu. Mu kaɗai ne a kan tudun, baƙin dattijo mai farar hula da ɗansa. A nan Baba yake zama wani mutum dabam. A wurin aiki shi mai shiru ne, mai buɗe ƙofa ya sunkuyar da kai. Amma ya tashi ne a wani ƙauye na ƙasar Katsina, a gidan da kawunsa yake maroƙin 'yan dambe, kuma abin da kunne ya sha a yarinta ba ya tsiyayewa. Da babura sun taso sai ya miƙe, ya ɗaga hannun dama, ya shiga yi musu kirari.

Ba mu san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, ba mu kuma san fuskarsu ba, domin hular kwano da gilashi sun rufe kome. Da launin riga muke gane su, da kuma yadda kowa yake zama a kan baburinsa. Akwai wani ƙato mai shuɗiyar riga wanda kusan kullum sai ya faɗi a kwana ɗaya, ya tashi ya kakkaɓe, ya ɗaga wa 'yan kallo hannu kamar ya yi abin kirki. Shi Baba yake ce wa: "Buhun gero, mai ɗaukar ka sai ya yi nishi; faɗuwa sana'a ce ga wanda ya iya tashi." Akwai wani siriri mai farar riga da ba ya yarda ya yi sama sosai, ba ya zama na ɗaya, ba ya kuma taɓa fasa ƙarasawa: "Hawainiya mai inji, a bar ka da sannu, gida dai za ka kwana." Akwai mai jar riga, wanda yake shiga kwana kamar yana da tsohuwar gaba da ita. Mun daɗe muna yi masa kirarin namijin duniya, har wata rana bayan tsere ya cire hular kwano, muka hango kitso ya zubo har kafaɗa. Baba ya koma ya zauna a kan tabarma. Sannan ya ce, "To, an ci mu tara." Asabar ta gaba ya zo mata da sabo: "Barkono ba ya tambayar harshen wa ya taɓa."

A kan tudun nan na koyi Hausa. Can na san bambancin tsalle da dira, da na sulɓi da santsi, da na gudu da sheƙawa. Can na fahimci cewa magana tana da ƙashi, kuma ana iya ajiye kalma a wurin da ba za ta motsu ba. Duk abin da nake ƙauna game da harshen nan, da ƙanshin man fetur da rairayi a cikin shayi ya shigo mini.

Sai kuma mai koriyar riga.

Ban san yadda zan kwatanta shi ga wanda bai gan shi ba. Babban tsallen nan tudu biyu ne da kwari a tsakaninsu. Kowa yakan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya: ya hau na farko, ya dira a kwarin, ya hau na biyu. Shi kaɗai yake haɗe su. Tun daga kwanar da ke gabansu yake shiri. Sauran suna rububin cikin kwana, shi sai ya buɗe ya bi bakin waje, inda hanya ta fi tsawo, ya fito da gudun da ba wanda yake da shi. Ya murɗa totur, ya tashi daga tudun farko, kuma yana can sama sai ya kwantar da babur ɗin a gefe har ka hango cikin injin, ya juyo da kansa wajen tudunmu, sannan ya miƙar da shi ya dira a bayan tudu na biyu kamar an ajiye ƙwai. Baba ya yi imani cewa mu yake dubawa. "Ya san nasa," in ji shi.

Kirarinsa ya fi na kowa tsawo, kuma Baba ya auna shi daidai da hanya. Yana shiga kwana ake farawa:

"Kore ba ganye ba, akuya ta gan ka ta haƙura,
Tsuntsun da ya aro ƙafafu a wurin maƙera,
Ƙasa ta ce zauna, ka ce sai na dawo,
Na baya ya sha rairayi, na gaba ya ba da hanya."

Waɗannan ɗango huɗu na san su kamar sunana. Akwai na biyar. Shi Baba yake faɗa daidai lokacin da mahayin yake sama, a daidai kanmu, inji yana kuka iya ƙarfinsa. Nakan ga bakinsa yana motsi, jijiyar wuyansa ta tashi, hannunsa yana sarar iska, amma ko harafi ban taɓa ji ba. Kafin ƙarar ta lafa ya gama, ya zauna yana haki yana dariya.

Na tambaye shi a mota, na tambaye shi a gida. Amsarsa ba ta taɓa canzawa ba. Ya ce kawunsa ya bar masa ƙa'ida biyu: ba a yi wa mutum kirari a bayan idonsa, ba a kuma ara wa wani kirarin wani.

"Wanda aka yi a bayan ido gulma ce mai kyan riga," in ji shi.

"Ai ni ba yi masa za ku yi ba, Baba. Faɗa mini kawai za ku yi."

"Da faɗa da yi duk baki ɗaya ne. Ka buɗe kunnenka ran Asabar."

Mahaifiyata, tana tsince shinkafa, ta ce, "Rabu da shi. Wataƙila ma babu kome a wurin, baki kawai yake motsawa."

"Hajiya, ke da ba ki taɓa zuwa ba."

"Allah ya tsare ni. In je rana ta gasa ni don in kalli 'ya'yan masu kuɗi suna neman karaya? Ma'alish."

Haka muka yi ta yi har na shiga jami'a, har na kusa fita. Ban matsa ba, domin Asabar ba ta ƙarewa a tunanin wanda yake da uba mai lafiya.

A bazarar da na kammala digirina, wata safiya, Baba ya sunkuya zai ɗaura takalmi, bai ɗago ba. Shanyewar ɓarin jiki ce, ta ɗauke masa gefen dama: hannun da yake sarar iska da shi, da ƙafar totur. Wannan duk mun iya ɗauka. Abin da ban iya ɗauka ba shi ne na bakinsa. Da ya farfaɗo, hankalinsa yana nan daram, yana gane kowa, yana jin duk abin da aka ce. Amma Hausa ta fita. Ba sunana, ba na mahaifiyata, ba "ruwa", ba "sannu". Abin da ya rage masa, ban da Fatiha da yake iya ja a salla, 'yan kalmomi ne na titin Alƙahira, irin waɗanda direba yake jefa wa direba ta taga: "tamam", "khalas", "la'", "ma'alish", wato "daidai", "shi ke nan", "a'a", "yi haƙuri". Mutumin da ya ci ni tarar tabarma saboda rabin kalma, da su aka bar shi. Kuma yana jin kansa yana faɗar su. Duk lokacin da ɗaya ta fito, sai ya runtse ido.

Sanyin farko ya wuce muna tsakanin asibiti da wurin gashin ƙashi. Aiki ya ƙare, don babu direba mai hannu ɗaya. Muka bar Dokki muka koma unguwar Faisal, hawa na huɗu a wani gini marar lif. Takardar zaman iyayena a ƙasar tana rataye ne da aikin, saboda haka aka tsayar da magana cewa za su koma gida kafin sanyi na biyu ya fita. Ni na samu gurbin ƙarin karatu, zan zauna.

Likitar da take koya masa magana, wata mace mai haƙuri, ita ta ba ni abin da na riƙe. Ta ce wani lokaci abin da mutum ya haddace da kari da amo, kamar waƙa ko addu'a, yakan fito ta wata ƙofar ko da babbar ƙofa ta rufe, kuma idan ya fito yakan janyo wasu kalmomin a bayansa. Ta ce ba alkawari ta yi mini ba. Ni dai alkawari na ji.

Da na koma gida na zauna a gefen gadonsa na fara: "Kore ba ganye ba." Ya dube ni, ya juyar da fuskarsa bango. Na sake gwadawa washegari, ya sake juyawa. Sai na gane. Ciwo ya ɗauke masa harshe, bai ɗauke masa ƙa'ida ba. Mai koriyar riga ba ya cikin ɗakin. Idan akwai sauran Hausa a cikin mahaifina, a kan tudun nan kaɗai za ta fito, kuma Asabar ɗin da suka rage kafin tafiyarsu ba su da yawa.

Mahaifiyata ba ta so ba.

"Ka bar bawan Allah ya huta. Me za ka je ka nuna masa? Abin da ya rasa?"

"Umma, likita ta ce."

"Likita ba ita za ta kwana da shi ba idan ya dawo. Ni na san yadda yake yi idan ya nemi kalma ya rasa."

Muka juya wajensa gaba ɗaya. Yana kallon ƙusar da farar hularsa take rataye. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna ta. Mahaifiyata ta shiga kicin ta ɗora ruwan shayi.

Maƙwabcinmu na hawa na uku Bahaushen Sudan ne, mutum mai faɗin ƙirji da yawan raha, yana jigilar kaya da wata ƙaramar motar ɗaukar kaya. Shi ya goya Baba ya sauko da shi, ni ina biye da keken guragu.

"Alhaji, ashe haka kake da nauyi? Wallahi firji ya fi ka sauƙi, shi ba ya harara."

Baba ya yi wani sauti a maƙogwaro wanda na san dariya ce.

A hanya na gaya wa maƙwabcin dokar motar. Ya ce, "Ya zol, ai ni in aka cire mini Larabci, sai dai in yi ta gyaɗa kai." Ya yi ƙoƙari, amma kafin mu wuce dala ya ci tarar tabarma fiye da yadda zan iya tunawa. Baba yana zaune a tsakaninmu, duk lokacin da mutumin ya yi tuntuɓe sai ya taɓa masa gwiwa da yatsa. Ban taɓa jin zuciyata ta yi sauƙi irin na wannan tafiya ba tun ranar takalmin.

Keken guragu ba ya tafiya a rairayi. Muka ɗauke shi da keken gaba ɗaya, ni a gaba, maƙwabcin a baya, muna nutsewa har idon sawu, har muka kai shi kan tudun. Na gyara masa hula. Filin yana nan yadda muka bar shi, sai dai an ƙara rumfuna. Aka yi tseren yara, aka yi na sababbin shiga. Sannan manya suka jeru, ƙarfe ya faɗi.

Ƙaton nan mai shuɗiyar riga yana nan, har ya faɗi a kwanarsa. Na dubi Baba. Kusurwar bakinsa ta hagu ta ɗaga, amma bai yi yunƙuri ba. Ban damu ba, ba shi muka zo nema ba. Can sai na hango koriyar riga a tsakiyar ƙura, tana nufo kwana. Na durƙusa a gefen keken, na kawo bakina kusa da kunnensa, na fara da ƙarfi:

"Kore ba ganye ba, akuya ta gan ka ta haƙura."

Hannunsa na hagu ya damƙe mini wuyan hannu. Ban san akwai sauran ƙarfi irin wannan a jikinsa ba.

"La'," in ji shi.

Na ɗaga kai. Mai koriyar rigar yana cikin rububin cikin kwana tare da kowa. Ya hau tudun farko, ya dira a kwari, ya hau na biyu. Rigar ce, amma ba mutumin ba ne. Baba ya gane tun daga yadda ya zauna a kan sirdi, ni kuwa launi kawai na gani, domin launin nake so in gani. Na kusa ara wa wani kirarin wani a gabansa.

Na sauka na tambayi wani mai riƙe da tuta a gefen hanya. Ya ce ai wancan ƙanen mai rigar ne. Shi mai rigar ya faɗi bara a wani filin, ƙugunsa ya karye, ya bar hawa. Ya nuna mini wata rumfa: "Ga shi can, mai sanda."

Muka sake ɗaukar keken muka gangara. Maƙwabcin bai yi raha ba wannan karon.

Mutumin da muka tarar gajere ne, mai sanƙo, furfura ta fara cin gemunsa, yana dogara sandar ƙarfe. Da na gan shi a layin burodi ba zan waiwaya ba. Dole na yi masa magana da Larabci, karo na farko da na yi hakan a gaban Baba a wannan fili. Na ji idon Baba a kaina, ban juya ba. Na gaya masa cewa mahaifina ya yi shekaru yana tsayawa a kan tudun can yana yi masa wata irin waƙar yabo ta ƙasarmu, kuma yanzu ba shi da lafiya.

Fuskarsa ta washe. "Mai farar hula? Na tuna shi. Kullum yana ɗaga hannu. Har na taɓa tambaya ko yana gargaɗina ne cewa wani ya faɗi a gaba."

Na tambaye shi ko ya taɓa jin abin da yake cewa.

Ya yi dariya, ba ta mugunta ba. "A cikin hular kwano? Ko kaina ba na ji."

"Amma kuna juyowa wajenmu idan kuna sama."

"Babur yana bin kai ne, ɗana. Inda ka juya kai, nan yake kwantawa. Da tudun yana ɗaya gefen ma, nan zan juya."

Baba yana jin Larabci sarai, bai buƙaci tafinta ba. Ban iya duban sa ba. Ashe ɗangon nan na biyar, a duk shekarun nan, ba wanda ya taɓa jin sa a duniya, har wanda aka yi dominsa.

Mutumin, Allah ya saka masa da alheri, ya lura cewa wani abu ya faɗi. Ya jingine sandarsa, ya sunkuya da ƙyar har fuskarsa ta zo daidai da ta Baba, ya ce, "Ga ni, ya hajj. Yau babu inji. Faɗa mini, ina ji."

Yanzu ba a bayan idonsa ba ne, kuma ba aro ba ne. Na durƙusa, na fara a hankali. A ɗangon farko hannun Baba na hagu ya soma bugun hannun keken. A na biyu bugun ya daidaita da muryata, kari bisa kari, babu kuskure. A na uku leɓɓansa suka fara motsi tare da nawa. Na faɗi na huɗu, "Na baya ya sha rairayi, na gaba ya ba da hanya," na yi shiru.

Hannun bai tsaya ba. Ya ci gaba da bugu shi kaɗai, ɗango guda cikakke, ya fi sauran gajarta, da wata 'yar tsayawa a tsakiya, sannan bugu biyu masu nauyi a ƙarshe. Jijiyar wuyansa ta tashi kamar dā. Bakinsa ya buɗe. Na ga harshensa yana neman wurin da zai dafa.

"Ma'alish," in ji Baba. Ya runtse ido.

Mutumin ya dafa masa kafaɗa, ya yi masa addu'ar samun sauƙi, ya ɗauki sandarsa, domin ƙanensa yana shigowa kuma akwai abin da zai gaya masa game da kwana. Muka ɗauki keken muka nufi mota. Shayin da mahaifiyata ta dafa ba a buɗe shi ba. Da muka isa gida ta dubi fuskar Baba, ta dubi tawa, ta karɓi fulas ɗin, ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ta faɗa, da na fi samun sauƙi.

Sun tafi kafin sanyi ya fita. A filin jirgi na durƙusa na ce, "Baba, ku yafe mini, Allah ya kiyaye hanya." Ya ɗora hannunsa a kaina ya daɗe. Bai ce kome ba, kuma na san da gangan ne: ya gwammace shiru da ya sallame ni da kalmar taga.

Yanzu yana ƙauye, a gidan da ya ji kirari na farko. Mahaifiyata ta ce yakan zauna a zaure, mutane su zo su gaishe shi da Hausar da ya yi shekaru yana kewa, shi kuwa ya gyaɗa musu kai. Idan na kira sai ta kara masa wayar a kunne in yi ta magana, ina zaɓar kalmomina ɗaya bayan ɗaya, ina jin numfashinsa.

Bugun nan yana hannuna. Nakan tsinci kaina ina yin sa a kan teburin karatu, ko a jikin kujerar mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya. Na san tsawon ɗangon, na san inda yake tsayawa, na san ƙarshensa gaɓa biyu ne masu nauyi. Na gwada zuba masa kalmomi iri-iri, wasu ma sun zauna daidai, kuma da wani ya ji zai ce sun yi kyau. Amma nawa ne. Wanda ya san na gaskiya yana zaune a zaure da shi a cikin kansa, cikakke, ba abin da ya goge, kuma babu ƙofa.

An sake buɗe filin bana. Ban je ba. Ran Asabar da ta wuce ina cikin mikrobas a babban titin Faisal, motoci sun tsaya cik, na kusa da ni ya tambaye ni abin da ya faru a gaba. Na ce masa zahma ce. Na ɗan saurara, kamar mai jiran a ce masa, "Akwai me?" Mutumin ya gyaɗa kai ya koma kan wayarsa.